Kwana 125 kafin zaɓe: watannin da na yi ina yawon tara sa hannu a jihar Ohayo

A wani ɗaki da ke can ƙuryar ɗakin karatu na unguwarmu aka koya mana aikin tara sa hannun masu zaɓe don neman gyara kundin tsarin mulkin jihar Ohayo ta Amurka, ran wata Asabar a watan Janairun 2024. Mun kai mu ashirin, yawanci dattawan mata da suka yi ritaya daga koyarwa, ni kaɗai ne ɗan Afirka. Matar da ke jan ragamar zaman ba ta tsaya dogon gabatarwa ba. Allo ta nufa, ta rubuta 3 ga Yuli, wa'adin miƙa sa hannun ga hukuma, ta ja masa layi biyu, sannan ta juyo ta ce duk abin da za mu yi daga yau, daga wannan ranar za mu riƙa ƙirgo shi da baya. A waje ƙanƙara ce ke zuba. Na dubi ranar na ga kwana nesa, kusan wata shida cur. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, wadda ta taɓa yin irin aikin, ta ga ina murmushi, ta ce in cire ranakun da zan je aiki, in cire ranakun ruwa da na sanyi, in cire lokutan da babu kowa a waje, sannan in sake lissafi. Da na koma gida na yi lissafin, abin da ya rage mini bai kai kwana hamsin ba.

Ni ɗan Zariya ne, amma tun 2010 nake zaune a Kolumbus, babban birnin jihar Ohayo, na kuma zama ɗan ƙasa a 2017. Aikina ɗaukar marasa lafiya a mota in kai su asibiti in mayar da su gida. Ban taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba, nan ko gida. Abin da ya ja ni cikin wannan harka shi ne mamakin cewa akwai ƙofar da talaka zai bi ya taɓa kundin tsarin mulki da hannunsa.

A Amurka kowace jiha na da nata kundin, ban da na tarayya. Na tarayyar ba a ba jama'a hanyar gyara shi kai tsaye ba. Amma a wasu jihohin, waɗanda ba su kai rabi ba, mutanen gari na iya rubuta gyaran da suke so, su tara sa hannun masu zaɓe, a sa shi a takardar ƙuri'a, idan ya sami rinjaye ya shiga kundi ba tare da majalisa ko gwamna sun ce uffan ba. Ohayo ta buɗe wannan ƙofa tun 1912. Mu da muka taso a Najeriya mun san cewa gyaran kundin 1999 sai ya sami kashi biyu cikin uku na Majalisar Dokoki ta Ƙasa, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, talaka kuwa a rediyo yake jin labari. Abin da ya ɗan yi kama da wannan a wurinmu shi ne kiranye, inda ake tara sa hannun sama da rabin masu rajista a mazaɓa, kuma kowa ya ga yadda na Sanata Dino Melaye ya mace a wurin tantancewa a 2018. Saboda haka da na ji ana neman 'yan sa kai, ban yi wata-wata ba.

Gyaran da muke nema kan shata mazaɓu ne. Bayan kowace ƙidaya ta shekara goma ana sake zana iyakokin mazaɓu: kujeru 99 na majalisar wakilan jiha, 33 na dattawan jiha, da 15 na majalisar wakilan tarayya. A Ohayo hukuma ce mai mutum bakwai ke zana na majalisun jiha, kuma dukkansu daga cikin 'yan siyasa suke fitowa: gwamna, sakataren jiha, mai binciken kuɗi na jiha, da mutum huɗu da shugabannin majalisa ke naɗawa. Wanda ke riƙe da alƙalamin zane na iya tattara magoya bayan abokin hamayya ya cusa su a mazaɓa ɗaya, ko ya yayyanka su ya watsa cikin mazaɓu da yawa ta yadda ba za su taɓa rinjaye ko'ina ba. Wannan dabara suke kira jarimanda, sunan da ya samo asali daga Elbridge Gerry, gwamnan Massachusetts a 1812. A 2022 Kotun Ƙolin jiha ta yi watsi da taswirorin da aka zana har sau bakwai, biyar na majalisun jiha, biyu na tarayya, amma lokaci ya ƙure aka yi zaɓen shekarar da taswirorin da kotun ta ce sun saɓa wa kundi. Babbar Jojin lokacin, Maureen O'Connor, 'yar Rifablikan ce, amma ta bi bayan alƙalai uku 'yan Dimokurat wajen yanke waɗannan hukunce-hukunce. Da ta sauka a ƙarshen 2022 saboda ƙa'idar shekaru, ita ta zama fuskar ƙungiyar da na yi wa aiki, Citizens Not Politicians, wato jama'ar gari ba 'yan siyasa ba. Buƙatarmu a kafa hukumar mutum 15, biyar daga kowace babbar jam'iyya, biyar marasa jam'iyya, kuma a haramta wa masu riƙe da muƙaman siyasa da masu kamun ƙafa shiga. A taƙaice dai a karɓe ajiyar nama daga hannun kura.

Kafin a kai ga irinmu masu yawo da biro, an riga an cinye watanni. Doka ta ce sai an fara tara sa hannu 1,000, a haɗa da cikakken rubutun gyaran da taƙaitaccen bayaninsa, a kai wa Antoni Janar na jiha, shi kuma yana da kwana goma ya duba ko taƙaitawar ta yi adalci ga rubutun. Antoni Janar na lokacin, Dave Yost, ya mayar da ita sau biyu, a Agusta da Satumban 2023, ya amince a karo na uku. Daga nan sai wani kwamiti mai mutum biyar da sakataren jiha ke shugabanta ya tabbatar cewa batu ɗaya ne a ciki, ba a cakuɗa biyu ba. An wuce wannan ma. Ana shirin buga takardu sai ƙungiyar da kanta ta gano an yi kuskuren rubuta wani kwanan wata a cikin taƙaitawar. Lamba ce kawai, amma ta isa a kai ƙara kotu a rushe komai daga baya. Dole aka koma farko: sabon sa hannu dubu, sabon jiran Antoni Janar, sabon zaman kwamiti. Sai ƙarshen Nuwamba aka sami izinin fita, daidai lokacin da sanyi ya fara korar mutane cikin gida. Ranar 3 ga Yuli kuwa tana nan inda take, domin kundin ya ce kwana 125 kafin babban zaɓe, zaɓen kuma ranar 5 ga Nuwamba ne.

Adadin da ake nema shi ne kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, wato na 2022, wanda ya kama 413,487. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ohayo na da gundumomi 88, kuma dole a cikin aƙalla 44 a sami sa hannun da ya kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un gwamna na gundumar. Ko da za ka tara miliyan a Kolumbus da Cleveland da Cincinnati, idan gunduma 43 ka cike, ka faɗi. A watan Agustan 2023 ma an nemi a ƙara tsaurara abin: a mayar da shi duka gundumomi 88, a soke kwana goman da ake ba wanda sa hannunsa ya gaza don ya cike gurbi, sannan gyara ba zai wuce ba sai da kashi 60 cikin 100. Masu zaɓe suka ƙi da kusan kashi 57. Ina cikin waɗanda suka fita a wannan zafin suka ce a'a, ban san wata biyar bayan nan ni ma zan ci moriyar ƙin ba.

Abin da aka damƙa mini ɗan littafi ne mai kauri, domin dole kowane kwafi ya ɗauki cikakken rubutun gyaran, duk mai son karantawa ya karanta. A ciki akwai layukan sa hannu, a baya kuma shafin shaida, inda zan rubuta sunana da adireshina da yawan mutanen da suka sa hannu a gabana. An buga da manyan baƙaƙe cewa yin ƙarya a nan babban laifi ne. Kowane littafi na gunduma ɗaya ne tak. Wannan ƙa'ida ta wahalar da ni fiye da kowace, saboda Kolumbus da garuruwan gefenta ba su bi iyakar gunduma ba. Yawancin birnin na cikin Franklin, amma Westerville ta raba ƙafa tsakanin Franklin da Delaware, Reynoldsburg ta shiga har gundumomi uku, Franklin da Licking da Fairfield. Sai ka tambayi mutum gundumarsa ya ce maka Kolumbus. A makona na farko wani ɗan'uwa ɗan Gana ya sa hannu a littafin Franklin, sai da ya rubuta adireshi na lura gidansa na tsallaken iyaka, a Delaware. Na ja layi na soke, na ba shi haƙuri, na ce ya jira ni mako mai zuwa. Daga ranar littattafai biyar nake yawo da su a jaka, kowanne na manna masa takarda mai launi daban, kuma tambayata ta farko ta koma: "A ina kake kaɗa ƙuri'a?"

Wuri ma sai da dabara. Ƙofar manyan kantuna ta fi ko'ina jama'a, amma filin na masu shi ne. Wata ranar Lahadi ina tsaye a bakin wani kanti, na sami mutum shida ke nan, manajan ya fito ya ce in bar harabar. Bai yi faɗa ba, ni ma ban ja ba, na tattara na koma gefen titi inda iska ke kaɗawa har biro ya ƙi rubutu. Daga baya na koyi sa biro biyu a aljihun ciki don su ji ɗumin jiki.

Ranar da ta fi kowace albarka ita ce Talata 19 ga Maris, ranar zaɓen fid da gwani, muna cikin azumi. Duk wanda ya fito daga rumfar zaɓe ka tabbata yana da rajista, kuma adireshinsa daidai yake. Doka ta hana tsayawa ƙasa da ƙafa 100 daga ƙofa, kuma ana kafa 'yan ƙananan tutoci don nuna iyakar. Na ɗauki hutun aiki, na tsaya bayan tuta tun safe har aka kusa shan ruwa. Leɓena ya bushe saboda maimaita magana ɗaya, amma na cika littafi biyu da rabi. A mota na sha ruwa da dabino uku da uwargida ta ƙulle mini a leda, ina juya shafukan ina duba ko kowa ya sa kwanan wata.

Inda na fi sa rai, wato wurin 'yan'uwanmu, nan na fi shan mamaki. Ranar ƙaramar salla, 10 ga Afrilu, na nemi izinin shugabannin masallacinmu na kafa ɗan tebur a waje bayan an sauko daga idi. Jama'a suka yi mini caa, kowa na son ya taimaka wa ɗan gida. Amma cikin mutum arba'in da wani abu da suka tsaya, sha ɗaya kawai suka cancanta. Wasu ba su zama 'yan ƙasa ba tukuna. Wasu sun zama amma ba su taɓa yin rajistar zaɓe ba. Wasu sun yi rajista amma sun tashi daga gidan da suka yi ta da shi, kuma mu baƙi muna yawan sauya haya, sa hannu kuwa sai adireshin ya dace da wanda ke ofishin zaɓe. Wani matashi mai katin zama na dindindin ya riƙe biro ya ce: "Yaya, ni ma fa ina biyan haraji." Na riƙe hannunsa na ce: "Ƙanena, ajiye. Takardar nan cewa take kai mai zaɓe ne. Kada saboda layi ɗaya ka jawo wa takardunka matsala ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa." Ya ajiye, amma na ga ransa bai so ba, ni ma nawa bai so ba.

Sai ga wani dattijo mutumin Damagaram, wanda ya riga mu zuwa ƙasar da shekaru masu yawa, kowa na girmama shi. Ya gyara tabarau, ya sa hannu a nutse, sannan ya sauko layi na gaba.

"Malam, bari in sa wa Hajiya ma, tana can wajen mata."

"Alhaji, a yi mini haƙuri, sai ta zo da kanta."

"Haba! Shekara talatin muna tare. Ko takardar asibiti ni nake cike mata."

"Na sani, Baba. Amma a bayan littafin nan zan sa hannu in shaida cewa da idona na ga kowa ya rubuta sunansa. Idan na bari ka sa mata ina kallo, ba nata kaɗai za a zubar ba. Har naka, da na duk wanda ke cikin littafin."

Ya yi shiru yana kallona, har na fara tsoron na yi masa rashin kunya a gaban mutane. Sai ya kira wani yaro ya ce a je a ce Hajiya ta fito. Ta zo da mayafinta na salla, na tambaye ta yadda ta sa hannu ranar da ta yi rajista, domin da wancan za a gwada. Ta ce da ajami ta rubuta sunanta, haka take yi tun tana yarinya. Na ce to haka za ta yi yanzu. Ta karɓi biro ta fara daga dama, a hankali, harafi bayan harafi, a kan takardar neman gyara kundin tsarin mulkin Ohayo. Na daɗe ina kallon layin nan bayan sun tafi.

A watan Mayu aka fara roƙon waɗanda ke da mota su fita ƙauye. Franklin ta riga ta cika ta batse, ƙananan gundumomi ne ake nema, inda wani lokaci 'yan ɗaruruwan sa hannu sun isa a ƙetare kashi biyar ɗin, amma samun su sai an sha wuya, domin gidaje a warwatse suke cikin gonakin masara da waken suya. Aka haɗa ni da wata tsohuwar malamar makaranta muka nufi gundumar Madison, yamma da Kolumbus, wadda hedikwatarta wani ƙaramin gari ne mai suna London. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. Baƙin mutum, da gemu, da harshen da kowa zai ji ya san ba ɗan nan ba ne, zan tsaya in ce wa manoma fararen fata su gyara kundin jiharsu. Wasu sun wuce ko kallo babu. Wani ya ce ba ya sa hannu a abin da ya fito daga birni. Amma akwai wani manomi mai faɗin kafaɗa, hannunsa duk kanta, da ya karɓi littafin ya jingina da motarsa ya yi ta karantawa kusan minti ashirin. Ya dawo da tambaya: idan mutum goma sha biyar ɗin nan suka yi ba daidai ba, wa zai cire su, tunda ba zaɓensu aka yi ba? Na gaya masa gaskiya cewa masu zaɓe ba za su iya cire su da ƙuri'a ba, kuma wannan na cikin manyan hujjojin masu adawa. Na ce amma sa hannunsa ba amincewa da gyaran ba ne, amincewa ce a kawo maganar gaban jama'a su yanke. Ya ce ƙila a Nuwamba ya ce a'a. Na ce haƙƙinsa ne. Ya sa hannu. Yini guda muka yi, mu biyu, muka dawo da 31. A birni wannan aikin awa uku ne, amma da muka miƙa littafin, mai karɓa ta rungume shi kamar an ba ta zinare.

Ita ce kuma ta ceto ni daga kuskuren da ya fi tayar mini da hankali. A ofishin tattarawa ba a karɓar littafi sai an bi shi layi-layi a gabanka. Ta ƙirga wani nawa na Franklin, ta sake ƙirgawa, ta juya baya ta nuna mini da yatsa: na rubuta 24, alhali sa hannu 25 ne. Wani ya matse sunansa a layin ƙarshe, idona ya tsallake shi. Ta ce a Ohayo idan adadin da mai tarawa ya rubuta ya gaza abin da ke cikin littafin, ana ɗauka akwai wanda bai gani da idonsa ba, sai a yi watsi da littafin dungurungum. Da an riga an miƙa wa hukuma, babu gyara, domin doka ta hana taɓa takarda bayan an shigar da ita. Na gyara da hannuna a gabanta, hannun na rawa. Littafin ranar salla ne, wanda na ci gaba da cikawa daga baya. Sunan Alhaji da na Hajiya na ciki.

Wa'adin gaskiya na ɗan sa kai ba 3 ga Yuli ba ne, ya riga ta da makonni. Dole littattafai su koma hannun ƙungiya da wuri don a duba, a ware su gunduma-gunduma, a jera, a sa lamba, a shirya kwafin kwamfuta, a zuba a kwalaye. Kuma ba 413,487 ake hari ba, an san za a zubar da da yawa, saboda haka ake neman ninki ko kusa da haka. Ba mu kaɗai muka yi aikin ba, akwai waɗanda aka ɗauka ana biyansu, kuma doka ta sa su rubuta sunan wanda ya ɗauke su aiki a shafin shaida. Ban ga abin ɓoyewa a nan ba: tara sa hannu dubu ɗari bakwai a jiha mai faɗin Ohayo ba ya yiwuwa ba tare da kuɗi masu yawa ba, kuma masu adawa sun yi ta nuna cewa kaso mai tsoka na kuɗin daga wajen jihar ya zo. Makon babbar salla, tsakiyar Yuni, aka yi wani zafi mai tsanani, na fita sau biyu da yamma na rufe littafina na ƙarshe. Jimillar abin da na tara 312.

Ranar Litinin 1 ga Yuli, saura kwana biyu, aka kai kwalayen ofishin sakataren jiha. Ina bakin wani asibiti ina jiran fasinjana ya fito, na kalla a waya: sa hannu sama da 731,000. Na kifa kaina a kan sitiyari na yi hamdala.

Ran Laraba na ga ɗaya fuskar abin. Duk watannin nan muna haɗuwa a bakin kasuwanni da masu tara sa hannu don a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa. Mukan gaisa, wani lokaci mu ara wa juna biro, ni kaina na sa musu hannu. A ranar 3 ga Yuli suka sanar cewa ba za su miƙa ba, saboda ba su cike sharaɗin gundumomi 44 ba. Sun tara dubban ɗaruruwa, amma ƙauyuka suka riƙe su. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Na tuna wata matashiya daga cikinsu da na saba gani da jar hula, tana tsaye a rana tun safe, na rasa abin da zan ce.

Daga nan komai ya koma ƙirgen kwanaki. An rarraba littattafan ga ofisoshin zaɓe na gundumomi, ma'aikata suka bi suna ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa da rajista. Kundin ya ba sakataren jiha zuwa kwana 105 kafin zaɓe ya faɗi sakamako, wato 23 ga Yuli, kuma a ranar sakataren na lokacin, Frank LaRose, ya tabbatar da 535,005, an kuma ƙetare kashi biyar a gundumomi 58. Kusan dubu ɗari biyu sun zube. Na yi ta tunanin nawa ne nawa a ciki, wane ne ya tashi daga gida bai sanar ba, wane ne sa hannunsa ya sauya da tsufa.

Na ɗauka an gama mai wuya. Ashe akwai sauran mataki da ba mu da hannu a cikinsa. Rubutun da mai zaɓe zai gani a takardar ƙuri'a ba masu gyaran ke tsara shi ba, kwamitin nan mai mutum biyar ne. A zamansa na 16 ga Agusta ya amince da wani dogon bayani da ke cewa sabuwar hukumar za a wajabta mata yin jarimanda. Hujjarsu ita ce gyaran ya ce a zana mazaɓu ta yadda rabon kujeru zai dace da yadda jama'ar jiha ke zaɓen jam'iyyu, kuma a ganinsu wannan ma zane ne da jam'iyya a rai. Ƙungiyarmu ta kai ƙara, a tsakiyar Satumba Kotun Ƙolin jiha, da alƙalai huɗu a kan uku, ta bar yawancin rubutun yadda yake, ta ce a gyara wurare biyu kawai. Gwamna Mike DeWine ya fito ya yi adawa, ya ce ya fi son tsarin jihar Iowa. Donald Trump ma ya ce a ƙi. Kafin Oktoba idan ka bi titi sai ka ga alluna iri biyu a ƙofar gidaje, wannan na cewa a hana jarimanda a zaɓi e, wancan na cewa a tsayar da jarimanda a zaɓi a'a. Fasinjojina da suka san na yi aikin suka riƙa tambayata wanne ne wanne.

Ranar 5 ga Nuwamba gyaran ya faɗi, kusan kashi 54 cikin 100 suka ce a'a. Ba zan ce ruɗani kaɗai ya kayar da mu ba. Mutane da yawa sun san abin da suke ƙi, irin manomin nan na Madison, kuma tambayarsa tambaya ce ta gaske. Amma daren nan ban yi barci ba.

Ran Juma'a bayan an sallame, Alhaji ya tare ni a wurin takalma. Ya riƙe hannuna ya ce ya ji labari, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sannan ya rage murya.

"Malam, akwai abin da ke damuna. Da na shiga rumfar na karanta, na ga an rubuta za a tilasta yin abin nan da ka ce muna yaƙa. Sai na ce to lallai a'a ce tamu. Sai da na dawo gida yarona ya ce e ce."

Na ce: "Ba komai, Baba. Ba kai kaɗai ba ne. Laifina ne da ban zo gida na nuna maka kafin ranar ba."

Ya tambaye ni ko za a iya sakewa. Na ce doka ba ta hana ba, amma sai an koma tun daga sa hannu dubu na farko, kuma duk shekarar da aka nufa, wajen farkon Yuli ne wa'adi. Ya sa takalminsa, ya ɗauki sandarsa, har ya juya zai tafi ya waiwayo.

"To idan an fara, ka biyo da littafin ta gida. Zan sa Hajiya ta fito."